Yadda ake hana ƙurar gari tashi da masana'antar niƙa

Ranar 2 ga Mayu, 1878, da misalin ƙarfe bakwai na yamma, masana'antar niƙan alkama ta Washburn A ta fashe a birnin Miniyapolis da ke gaɓar kogin Misisipi a Amurka. Ginin dutse ne mai hawa bakwai, shekararsa huɗu da ginawa, kuma duk birnin babu mai girmansa. Ma'aikatan dare su 14 ne a ciki, ko ɗaya bai fita ba. Da yake ruwan da ke gangarowa daga tudun kogin ne ke juya injina, masana'antun sun yi jerin gwano a bakin ruwa, bango kusa da bango. Nan take biyu daga cikin maƙwabta, Diamond da Humboldt, suka fashe su ma, wasu uku suka ƙone, aka ƙara rasa mutum 4. Mamata suka zama 18, kuma wajen kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin niƙan birnin ya tafi a dare guda. An ji ƙarar har birnin Sen Fol, mai nisan kilomita 16.

Babu albarushi a ginin, babu fetur. Malamai biyu na Jami'ar Minesota, Stephen Peckham da Louis Peck, su suka nuna ta hanyar gwaji cewa ƙurar fulawa ce ta yi wannan aika-aika, kuma bincike ya tsaya a kan cewa duwatsun niƙa ne suka juya babu hatsi a tsakaninsu har suka fitar da tartsatsi. Shekara shida kafin nan, a 1872, masana'antar Tradeston da ke bakin kogin Kilaid a Gilasgo ta tashi ta wannan hanyar sak, ita ma da mutum 18.

Duk wanda ke da injin niƙan masara ko alkama, ko casar shinkafa, ko haɗa abincin kaji, ko sarrafa garin rogo da sukari, yana ajiye da irin wannan makamashi a ƙarƙashin rufinsa. Mai niƙan unguwa da ke rumfa a buɗe, iska na shiga tana fita, haɗarinsa ya fi karkata ga wutar da za ta taso lokaci guda ta ƙona fuska da hannu. Haɗarin rushewar gini yana zuwa ne yayin da sana'a ta girma: an kewaye da bulo, an sa silin, an haɗa bututu da rumbu da injin ɗaga hatsi sama.

Abin da yake fashewa

Ka zuba gari a tire ka kai masa ashana, da ƙyar zai ci, sai dai ya yi baƙi. Dalili shi ne iska ba ta samun komai sai saman tarin. Amma idan garin ya tashi ya watsu a iska, kowane ƙwayar ƙura yana kewaye da iskar da zai ci wuta da ita, sai wutar ta bi su daga wannan zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. Zafin ya kumbura iskar ɗakin, in babu mafita sai bango ya ba da hanya.

Abu biyar ne sai sun haɗu: ƙura mai ci da wuta, iska, abin kunnawa, tashin ƙurar sama, da kuma rufaffen wuri. Iska ba yadda za ka yi da ita. Sauran huɗun su ne aikinka.

Laushi shi ne ma'auni. Tsaki da ɓarzajjen hatsi ba su cika tashi ba. Duk abin da ƙwayarsa ta gaza rabin milimita ana ɗaukarsa mai haɗari, kuma iya laushinsa iya saurin kamawarsa. Wanda ya fi kowanne laushi shi ne wanda ya fi daɗewa yana yawo a iska kafin ya sauka, kuma a can sama yake sauka: kan katakon rufi, kan bututu, bayan silin, saman fitila. Ke nan mafi munin ƙurar tana wurin da tsintsiya ba ta kaiwa, busasshiya ƙarau saboda zafin kwano.

Ƙarfin fa? Idan ƙurar gari ta fashe a cikin rufaffen mazubi na ƙarfe, matsin yana kai bar 7 zuwa 10, bar kuwa ma'aunin matsin iska ne. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka. Bangon bulo kuwa ko rabin bar ba ya jurewa.

Sai abin da ya kamata kowane mai masana'anta ya riƙe da kyau: fashewar ba guda ɗaya ba ce. Ta farko ƙarama ce, yawanci a cikin inji ko bututu ko matatar ƙura, kuma sau da yawa ba ita ke kisa ba. Abin da take yi shi ne ta girgiza ginin, ta karkaɗo ƙurar da ta shekara tana kwance a sama, ta cika ɗakin da ita, sannan harshen wutar da ke biye ya tarar da gajimare a shirye. Ta biyun ta karkaɗo ƙurar ɗaki na gaba, a haka a haka har ƙarshen gini. Abin da ya faru ke nan a matatar sukari ta Imperial Sugar da ke Port Wentworth, bakin kogin Sabana a jihar Jojiya ta Amurka, ranar 7 ga Fabrairu, 2008, shekara 130 bayan Miniyapolis, inda mutum 14 suka rasu. Tartsatsi, duk ƙoƙarinka, wata rana sai ya auku. Abin da ke hannunka shi ne kada ya tarar da abincin da zai ci.

Fara da auna ƙurar da ke kwance

Ƙurar fulawa tana iya fashewa idan ta kai wajen giram 50 zuwa 60 a kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi. Gajimare ne mai kauri, irin wanda zai ɓoye maka ƙwan lantarki daga nisan mita biyu. Ba a samun irinsa a ɗakin aiki a rana ta yau da kullum, shi ya sa mutane ke sakin jiki. Amma a cikin injin da bututunsa kusan kullum akwai shi, kuma a ɗakin ma yana kwance yana jiran abin da zai tashe shi.

Ga lissafin. Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 10, faɗin 8, tsayin 4. Cikinsa irin waccan mita mai tsawo da faɗi da zurfi guda 320 ke nan. A giram 60 kowace mita, kilo 19 da ɗoriya na gari ya isa ya cika shi da gajimare mai fashewa, wato bai kai rabin buhu mai kilo 50 ba. Idan ka shimfiɗa wannan kilo 19 a daɓen ɗakin, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Kuma ba sai ɗakin ya cika duka ba: kusurwa guda ta kama, ta isa ta fasa tagogi ta ƙona duk wanda ke tsaye a wajen.

Saboda haka ne ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe tana sa iyaka a milimita 0.8 idan ƙurar ta rufe kashi 5 cikin 100 na faɗin daɓe. Milimita 0.8 kusan kaurin katin cirar kuɗi na banki ne. A ɗakin da muka lissafa, kashi 5 cikin 100 murabba'in mita 4 ne kacal, kuma saman katakon rufi da bututu duk suna cikin lissafin. Dokar wuraren ajiyar hatsi ta Amurka, wadda aka kafa a 1987 bayan munanan fashe-fashe irin na rumbun hatsi da ke garin Westwego a 1977 da ya kashe mutum 36, ta fi sassauci: milimita 3 a kusa da injinan ɗaga hatsi. Ga mai niƙa gari mai laushi, awon katin banki ya fi dacewa.

Yadda za ka yi awon: a kashe injina, ka ɗauki tsani da tocila da katin, ka hau. Duba saman katako da ƙarafan rufi, bakin tagogi, saman bututu, kan akwatin lantarki, jikin moto, ramin da ke ƙarƙashin inji, sannan ka ɗaga allon silin guda ka haska bayansa. Duk inda ƙura ta ɓoye launin fenti, ko sawun takalmi ya fito, ko ka iya rubuta sunanka da yatsa, ya wuce iyaka. Rubuta wurin da ranar. Bayan an share, ka koma bayan kwana uku, sannan bayan mako guda, ka ga saurin da take sake taruwa. Wannan ne zai gaya maka tazarar sharar da ta dace da kowane wuri, ba ƙiyasi ba. Wani wurin kullum ne, wani mako-mako, wani wata-wata.

Silin a ɗakin niƙa, in da hali, a cire shi baki ɗaya. Ɗaki ne na biyu da ba a gani, ba a sharewa, kuma wayoyin lantarki suna bi ta cikinsa.

Shara ma tana da ƙa'ida

Sharar da aka yi da garaje ita kanta tana haifar da gajimaren da ake gudu. Mafi munin kuskure shi ne hure ƙura da bututun injin iska ko bulowa. Yana da sauri, ma'aikata suna sonsa, amma abin da yake yi shi ne ya ɗauke ƙura daga ƙasa ya mayar da ita iska, daga nan ta haye rufi. A hana shi. Idan akwai lungun da ba ya sharuwa sai da iska, to sai bayan an kwashe duk abin da ke kwasuwa, an kashe injina da lantarki, komai ya huce, an buɗe ƙofofi.

A fara daga sama a gangaro ƙasa. A yi amfani da buroshi mai laushi mai dogon hannu, ana jan ƙurar a hankali zuwa cikin mazubi, kada a bar ta ta zubo daga rufi kamar ruwan sama. Tsumma mai danshi ya fi komai kyau a kan bututu da bakin taga, sai dai a tabbata ba a bar jiƙaƙƙen gari ya daskare ba, don yana ruɓewa ya yi zafi ya kuma jawo ƙwari. Abin kwasa ya zama na roba ko katako ko alminiyam. Shebur na ƙarfe a kan siminti yana fitar da tartsatsi. Injin zuƙar ƙura na gida bai dace ba, domin motonsa yana tartsatsi a daidai inda iska mai ƙura ke wucewa. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don ƙura mai ci da wuta, su ake nema.

Abin da aka share a fitar da shi daga ginin a ranar. Tara buhunan dusa da ɓuntu da sharar gari a kusurwar ɗakin inji ana jiran mai saye, ajiye itace ne a gefen murhu.

Kama ƙurar tun daga inda take fita

Lokacin da aka sake gina Washburn A a 1880, ɗaya daga cikin manyan canje-canjen da aka yi shi ne na iska. Injiniya William de la Barre, mutumin Ostiriya, ya kawo na'urorin da ke zuƙe ƙura daga bakin dutsen niƙa su tara ta wuri guda. Har yau tushen maganin ke nan.

Bi layin aikinka da tocila yayin da injina ke juyawa, ka lura da duk inda ƙura ke feso: bakin zuba hatsi, mahaɗar bututu, ƙofar injin guduma da robarta ta mutu, wajen cika buhu, yagaggen buhun tace. A ɗinke, a canja roba, a ɗaure. Rage tsayin da gari ke faɗowa cikin buhu ta hanyar sa hannun riga na yadi a bakin mazurari.

Matatar ƙura, ko ta mazurari mai juya iska ce ko ta buhunan tace, ita ce wurin da ya fi kowanne haɗari, domin an tara mafi laushin ƙura an kuma cika ta da iska da gangan. Wurinta waje, ba cikin ɗakin da mutane ke aiki ba. Fankar da ke jan iska ta zauna bayan matata, inda iskar ta riga ta tsarkaka, don kada fukafukanta su riƙa dukan ƙura da tsakuwa. Iskar cikin bututu tana bukatar gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. In ta gaza, ƙura ta kwanta a cikin bututun, ya zama doguwar bindiga a ɗure. Abin da ke rage gudun yawanci ƙarin reshe ne da aka jona daga baya ba tare da an ƙara ƙarfin fanka ba, ko yawan lanƙwasa, ko toshewar buhunan tace. A bar ƙananan ƙofofi a jikin bututun don a riƙa leƙawa.

Akwai tarkon da mai gyara da kyakkyawar niyya kan faɗa. A Port Wentworth, an rufe bel ɗin da ke ɗaukar sukari a ƙarƙashin rumbuna da allunan ƙarfe domin tsafta, ba a haɗa masa abin zuƙar ƙura ba. Ƙurar da a da take bajewa a babban wuri sai ta taru a ƙaramin akwati har ta kai ma'aunin fashewa, kuma masu bincike sun fi zargin boris, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, da ya yi zafi da kunna ta. Duk abin da za ka rufe, ka haɗa masa zuƙa a rana guda.

Inda tartsatsi ke fitowa

Dutse a kan dutse. Injin niƙa mai faifan ƙarfe biyu bai bambanta da na 1878 ba ta wannan fuska: hatsin da ke tsakani shi ke raba su. Kafin mazubi ya ƙare a sassauta dutsen, kuma kada a tafi a bar inji yana juyawa babu kaya. A babbar masana'anta ana sa na'urar da ke tsayar da inji idan kaya ya daina shigowa.

Baƙin abu a cikin hatsi. Ƙusa, noti, guntun waya, tsakuwa, duk suna zuwa a buhu, musamman hatsin da aka shanya a bakin titi. Idan suka shiga injin guduma suna fitar da wuta, ko su maƙale suna gugar ƙarfe har su yi ja, iska ta ɗauki garwashin ta kai matata. A sa rariya mai faɗin ido a bakin zubawa, sai maganaɗisu mai ƙarfi kafin inji, a kuma goge shi a ƙarshen kowane aiki, don wanda ya cika da ƙusoshi ya daina kamawa. Maganaɗisu ba ya kama dutse ko alminiyam, don haka injin tsince tsakuwa yana da nasa gurbin.

Boris. Wanda ya bushe, ko ƙura ta shige shi, ko sandar juyawa ta karkace, yana yin zafin da zai kunna ƙurar da ta lulluɓe shi. Cika masa giris fiye da kima ma yana sa shi zafi. Ma'aunin zafi irin wanda ake nunawa daga nesa ba shi da tsada. A zagaya da shi sau ɗaya a kowane aiki, ana rubutawa. Boris ɗin da ya haura digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, ko ya ɗara takwaransa na ɗaya gefen da digiri 20, a tsayar a duba. Wanda hannu ba ya iya daɗewa a kansa ya riga ya kai wajen digiri 60. A lura cewa ƙurar da ke kwance tana kamawa a zafin da bai kai na wadda ke iska ba, kuma iya kaurinta iya sauƙin kamawarta, domin tana riƙe zafi kamar bargo. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce jikin inji ya kasance aƙalla digiri 75 ƙasa da zafin da shimfiɗar ƙurar ke kamawa.

Bel da fuli. A nan ɗauke wuta yake shigowa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Idan lantarki ya yanke injin ɗaga hatsi yana ɗauke da kaya, hatsin ya zube ya cushe gindinsa. Wuta ta dawo, moto ya tashi, fuli yana juyawa amma bel ya kafe. Cikin 'yan mintoci gugar ta ƙona robar, bel ya tsinke ya faɗa cikin dogon akwati mai cike da ƙura yana cin wuta. Don haka da an ɗauke wuta a kashe duk makunnai, a kuma sa irin makunnin da ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. A buɗe ƙofar gindi a kwashe cushewar da hannu bayan an kulle makunni. Kada a riƙa kunnawa ana kashewa wai don bel ya ƙwace kansa. Dokar Amurka ta haramta wannan ɗabi'a ƙarara, ta kuma bukaci na'urar da za ta tsayar da moto idan gudun bel ya ragu da kashi 20 cikin 100. Wajen tayar da layi a fara daga injin ƙarshe a dawo baya. Wajen tsayarwa a fara yanke shigar kaya, a bar layi ya zazzage. Bel ɗin da ya goce yana gugar jikin akwati shi ma a daidaita shi, alamarsa fenti da ya ƙone a gefe guda.

Lantarki. Ƙwai tsirara, soket a buɗe, waya da aka murɗa aka naɗe da leda, akwatin fis da ba shi da murfi: kowanne ashana ne. Kayan lantarkin ɗakin niƙa su zama rufaffu waɗanda ƙura ba ta shiga, masu alamar IP65, babban akwatin makunnai kuma a ɗaki dabam. A riƙa goge haƙarƙarin moto, don ƙurar da ta cike su tana hana shi shan iska.

Injin dizal da janareto. Salansa tana kai zafin digiri ɗari huɗu da wani abu idan ana aiki sosai, kuma tana tofar da garwashi. A raba su da ɗakin niƙa da bango, salansa ta fuskanci nesa da matatar ƙura da tarin ɓuntu, man kuma a ajiye shi wani wurin.

Walda da yankan ƙarfe. Tartsatsinsu yana tafiya har mita 11, yana shiga rami da tsaga. In abin da za a gyara yana kwancewa, a fitar da shi waje. In ba ya kwancewa, a tsayar da layin duka, a zazzage injin a share cikinsa, a share mita 11 ta kowane gefe har da sama da ƙasa, a jiƙa daɓe, a toshe bakin bututu da ramuka, sannan mutum ɗaya ya tsaya da ruwa ba ya aikin komai sai kallo, har awa guda bayan an gama. Kada a taɓa yin walda a jikin rumbu ko bututu daga waje alhali akwai gari a ciki. Ƙarfen yana kai zafin ga abin da ke bayansa. Kuma kada mai walda ya fara sai da izinin mutum guda da aka ɗora wa alhakin.

Lantarkin guga. Tartsatsin nan da ke fita daga bargo ko riga a daren hunturu, irinsa ne ke taruwa a jikin bututu idan busasshen gari yana gudu a ciki, kuma na jikin babban ƙarfe ya fi na jikin mutum ƙarfi nesa ba kusa ba. Da hunturu, iska ta bushe, gari ya bushe, haɗarin ya ninka. A haɗa dukkan sassan ƙarfe da waya, a tsallake da ita duk inda roba ko yadi ya raba bututu biyu, a kai ta ga sandar da aka kafa a ƙasa mai danshi. Mai gyaran lantarki ya auna: tsakanin kowane sashe da sandar kada ya wuce om 10, om kuwa ma'aunin yadda abu ke tare wa lantarki hanya ne. Bututun roba irin na ruwa bai dace da jigilar gari ba, don ba ya sauke cajin da ya tara.

Sigari, wutar jin ɗumi, maganin sauro na kunnawa, risho na mai gadi: waje, nesa.

Ba wa fashewar ƙofa

Tunda ba a iya kawar da gajimaren da ke cikin inji, sai a tsara inda zai bi in ya kama. Ana sa wa matatar ƙura da rumbu da akwatin injin ɗaga hatsi wani allo mai rauni da aka ƙera ya ɓalle a matsi kaɗan, wajen kashi ɗaya bisa goma na bar, kafin jikin mazubin ya tsage. Girman allon lissafi ne da ya danganta da cikin mazubin da ƙarfinsa da irin ƙurar, aikin injiniya ne ko kamfanin da ya ƙera injin. Abin da ke kanka shi ne allon ya fuskanci fili inda ba a wucewa, domin harshen wutar da ke fita yana kai mitoci da yawa, kuma kada wani ya yi masa walda ko ya ɗaure shi da ƙarin noti don yana yoyon ƙura. Wanda ya yi haka ya mai da mazubin bam.

Bututun da ke haɗa inji da inji hanya ce ga wuta. Ana datse ta da bawul mai juyawa a gindin matata da rumbu, da kuma murfin da ke rufe kansa idan iska ta juyo baya. A gini kuma, rufi marar nauyi da manyan tagogi sun fi kankare ta kowane gefe. A raba wurin niƙa da sito da bango mai ƙarfi, a bar tazara tsakaninka da maƙwabci in fili ya ba da dama. Rashin wannan tazarar ce ta mayar da gobarar masana'anta ɗaya ta zama ta masana'antu shida a Miniyapolis. Kowane ɗaki ƙofa biyu, masu buɗewa waje, ba kwaɗo, ba buhu a gabansu, da fitilar batir da ke kamawa idan wuta ta yanke. Ma'aikata su sa tufafin auduga. Yadin roba yana narkewa ya manne a fata.

Idan wuta ta riga ta kama

Wutar gari irin ta ƙaiƙayi ce, ta ƙarƙashi take ci. Alamarta ta farko sau da yawa ƙauri ne kamar na toyayyen burodi, ko baƙaƙen dunƙule a cikin garin da ke fitowa, ko jikin bututu da ya yi ɗumi a wuri guda. Kowane ma'aikaci, har sabon yaro, ya san yana da ikon tsayar da layi idan ya ji wannan ƙaurin.

A yanke shigar kaya, a kashe injina da fankoki don kada su kai garwashi gaba, a fitar da mutane a ƙirga su a waje, a kira 'yan kwana-kwana a kuma gaya musu tun a waya cewa wurin gari ne. Duk abin da zai tayar da ƙura haramun ne a wannan lokaci. Ruwa mai ƙarfi da aka harba kai tsaye cikin tarin gari mai ci zai watsa shi sama, ka haɗa gajimare da wuta da hannunka. Yayyafi ake yi, mai laushi kamar raɓa, daga gefen tarin zuwa tsakiya, a jiƙa kewaye tukuna. Ƙaramin wuri ana iya lulluɓe shi a hankali da jiƙaƙƙun buhunan algarara. Tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iska tana fita da ƙarfi, don haka daga nesa ake fara fesa ta, ba a kafa bakinta a cikin tari. Kada a tona, kada a share, kada a watsa da shebur kafin ya jiƙe sarai.

Matatar ƙura ko rumbun da ake zargin yana ci a ciki, kada a buɗe ƙofarsa don a leƙa. Buɗewar tana shigar da iska, tana kuma zubo ƙurar da ke manne a bango a kan garwashi, mai leƙen kuma fuskarsa ce a bakin ƙofa. A rufe duk kafofin iska, a janye mutane daga gaban allunan ɓallewa. Kada kowa ya shiga ko ya hau saman rumbun: wutar da ke ci a rufe tana fitar da iskar guba marar wari mai kashewa, wadda ita ma tana fashewa. Cika rumbu da ruwa yana kumbura hatsi ya ƙara nauyi har bango ya tsage. Ƙwararru iskar naitirojin suke turawa ta ƙasa, su bar shi kwanaki yana hucewa, sannan a zazzage kaɗan-kaɗan zuwa fili ana jiƙa abin da ya fito. Bayan an kashe kowace irin wuta, ko ƙarama ce, a buɗe layin gaba da baya a nemi garwashin da ya yi tafiya, a sa mai gadi ya kwana yana zagayawa da tocila da ma'aunin zafi, kuma kada a tayar da inji sai an gano takamaiman abin da ya kunna ta an gyara shi.